Fankar Ɗakina

Shekara talatin da ɗaya ina akawu a Reluwe,
hannuna bai san nauyin komai ba sai biro da hatimi.
Ranar da Barira ta kawo takarda daga makaranta,
wai in sa hannu, ta zaɓi ajin lantarki,
na danne takardar da rediyo har kwana tara.
Na ce, likita na so.
Ta ce, Baba, asibitin ma da wuta yake numfashi.
Na sa hannu, ba don ta kayar da ni ba,
don dai uwarta ta daina kallona ta wutsiyar ido.

Laraba suke shiga ɗakin aiki.
Na taɓa leƙawa, da sunan wucewa zan yi Tudun Jukun.
Su arba'in da biyu, filaya shida,
allon katako guda an kafe shi a bango,
wayoyi ja da baƙi sun bi shi kamar yaɗon kabewa.
Malam Tanimu, wanda inji ya ci rabin yatsansa,
yana ɗaga guntun yana cewa:
wuta ba ta san na gida ba,
kafin ka taɓa, gwada; in ka gwada, sake gwadawa.
Ajin lantarki, ranar babu lantarki.
Na yi ta dariya ni kaɗai har bakin titi.

Sai bazara ta sauka,
irin wadda kwano ke ƙara shi kaɗai da azahar.
Fankar da na saya shekarar da aka haifi Nafi'u
ta yi gurnani, ta juya sau biyu, ta tsaya.
Nafi'u, mai digiri cikin leda ƙarƙashin katifa,
ya ɗaga kai ya ce, ta mutu, Baba, sai sabuwa.
Sabuwa da me?
Da fanshon da ke zuwa in ya ga dama?

Barira ba ta tanka ba.
Ta cire fis ta jefa a aljihu,
ta ɗora kujera kan tebur,
ta ci ɗamara da gyale, ta hau.
Ni na riƙe ƙafar kujerar.
Ni da ake miƙo wa fayil da hannu biyu,
yau daga sama ake ce mini:
miƙo sukundireba.
Ba wannan ba, Baba, mai jan kai.

Ta sauko da wani abu kamar kwalin ashana,
baƙi, ya kumbura.
Kafasita, in ji ta.
Ta shiga kasuwar Sabon Gari ta dawo da sabo,
har da canji ta ajiye mini kan darduma.
Ta hau, ta ɗaura, ta mayar da fis.
Muka zauna muna kallon sama.

Babu wuta.
Kwana biyu babu wuta.
Nafi'u na wucewa yana cewa, sannu injiniya.
Ita kuwa tana tsince shinkafa.

Ƙarfe uku na daren Juma'a
wani abu ya ɗaga kalandar bango.
Na buɗe ido.
Fikafikai uku na zagaye a kaina, ba gurnani, ba gargada,
gumin wuyana na bushewa.
Ban tashe ta ba.
Na daɗe kwance ina sauraron aikin hannun 'yata.

Da hantsi matar Badamasi ta aiko da dutsen guga.
Da la'asar na ji Nafi'u a bayan ɗaki, murya ƙasa-ƙasa:
wai shi Malam Tanimun nan, yana karɓar manya?

Jiya ta kawo wata takardar,
koyon aiki lokacin hutu, a wani shago a Kwangila.
Iskar fanka na ta kaɗa gefenta.
Ban nemi rediyo ba.
Da tafin hannu na danne ta, na ce,
ina bironki?